Takarda Ba Ta Kama Birki

A wani ƙauye da mukan je aikin rijiya da gonar gwaji, motar gida ɗaya ce tak. Ta wani tsohon malamin makaranta ce, ya saye ta da kuɗin sallamarsa daga aiki. Da suna tasa ce, amma a gaskiya ta gari ce. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗaukar wanda maciji ya sara, ita ke kai yara makarantar kwana, ran biki kuma ita ke ɗauko amarya.

Wata rana da dare, cikin watan Agusta, aka buga wa Malam ƙofa. Naƙudar matar maƙwabcinsa ta yi tsanani, ungozoma ta ce sai asibiti. Suka shiga mota su biyar, ana yayyafi. Akwai wani gangare kafin a kai gadar rafi. Da Malam ya taka birki a wurin, sai ƙafarsa ta nutse kusan ƙasa, motar kuwa ba ta rage gudu ba. Allah ya sa ba gudu yake yi sosai ba. Ya ja birkin hannu, ya karkata kan motar cikin wata gonar dawa, ta kafe a taɓo. Ba wanda ya ji ciwo mai tsanani, amma a kan babur aka ƙarasa da matar nan, cikin duhu da ruwa. Da asuba ta sauka, ita da jaririn lafiya.

Kashegari bakanike ya shiga ƙarƙashin motar. Ya tarar bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa ƙafafun baya ya yi tsatsa har ya huje, takalman birkin gaba kuma sun cinye. Ashe man ya daɗe yana yoyo. Malam yakan ƙara shi bayan mako biyu ko uku, bai taɓa neman inda yake tafiya ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne takardar da muka gani a cikin motar. Takardar shaidar lafiyar mota ce, da hatimi da sa hannu, saura wata bakwai ta ƙare. Muka tambayi Malam ranar da aka duba motar. Ya ce ai motar ba ta je ko'ina ba. Ran kasuwa ya ba wani ɗan kamasho kuɗi da tsofaffin takardu, bayan mako guda ya kawo masa sababbi. Ba mu iya ganin laifinsa shi kaɗai ba, gama mu ma mun taɓa yin haka da motar aikinmu. Tun daga ranar muka ga ya kamata mu yi wannan magana da ku masu karatu.

DAGA INA DOKAR TA FITO?

A Ingila an kafa dokar duba motocin gida a shekarar 1960. Da farko motar da ta kai shekara 10 kaɗai ake dubawa, abu uku kuwa ake kallo, watau birki, da fitilu, da sitiyari. Da aka ga yawan motocin da ke faɗuwa gwajin, sai aka yi ta rage shekarun, har a 1967 aka tsaya a kan shekara 3. Haka yake har yau: mota ta cika shekara 3 sai a kai ta gwaji, daga nan kuma kowace shekara.

A Jamus sabuwar mota takan je gwaji bayan shekara 3, sa'an nan shekara biyu-biyu. Idan ta ci, akan manna mata wani ɗan tambari mai launi a lambar baya, wanda ke nuna wata da shekarar da za ta komo. Faransa ta fara nata a 1992, bayan shekara 4, sa'an nan shekara biyu-biyu. Wanda zai sayar da motar da ta wuce shekara 4 a can, sai ya nuna wa mai saye sakamakon gwajin da bai wuce wata 6 ba. A Japan ma shekara 3 ne sa'an nan biyu-biyu, gwajin kuwa yana da tsada, har yana cikin abin da ke sa mutane sayar da motocinsu da wuri.

Dalilin dokar ɗaya ne a ko'ina. Mota ba ta lalacewa rana ɗaya. Birki yakan yi sanyi kaɗan-kaɗan, sitiyari ya saki kaɗan-kaɗan, mai tuƙi kuma yana sabawa da kowane ɗan canji ba tare da ya sani ba. Uwar da ke tare da ɗanta kullum ba ta ganin girmansa, sai baƙo ya zo ya ce yaron nan ya yi tsawo. Haka yake ga mai mota. Don haka aka ce lalle wani dabam, wanda ya san aikin, ya duba ta a lokacin da aka ƙayyade, ko mai ita yana jin akwai damuwa ko babu.

ME AKE CIKI A ƘASARMU?

A Nijeriya aikin duba lafiyar mota yana hannun jami'an da muke kira VIO, kowace jiha da nata, Abuja ma da nata. Su ne ke ba da takardar shaidar lafiyar mota. Bisa ga yadda aka saba, ta motar gida takan yi shekara guda, ta motar haya kuwa wata shida. A jihohi da yawa tana cikin takardun da ake sabuntawa tare da lasisin mota da inshora. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, aikinta a kan hanya yake, ita ma takan tsai da mota saboda mummunar taya, ko matacciyar fitila, ko rashin ɗaura bel. A manyan birane kamar Legas da Abuja akwai wuraren da ake hawar da mota kan na'ura, kwamfuta ta auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, da hasken fitila, da hayaƙi.

Maganar har ta kai gaban alƙalai. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa dokar hanya ta Jihar Delta ba ta ba jami'ai ikon neman wannan takarda daga motar da ba ta haya ba. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tsai da motoci a hanya, ko kama su, ko cin tara. Saboda haka kowa ya bincika abin da dokar jiharsa ta ce. Amma mu lura da abu ɗaya. Kotu tana iya faɗin wanda ke da ikon tambayar takarda, ba ta iya hana bututu yin tsatsa.

MASU CEWA GWAJIN BA SHI DA AMFANI

Akwai masu ganin duk wannan ɓata kuɗi ne, kuma ba za mu ɓoye muku hujjarsu ba. A Amurka kowace jiha da tsarinta, jihohi da yawa ba su da wannan doka sam. Jihar Texas ta soke tata ga motocin gida daga ran 1 ga Janairu 2025. A ƙasar Norway an taɓa yin wani babban gwaji, aka buga sakamakonsa a 1992. An raba motoci wajen 204,000 kashi uku. Kashi ɗaya ana duba su kowace shekara, kashi ɗaya sau ɗaya cikin shekara uku, kashi ɗaya ba a duba su ba. Da aka ƙidaya haɗurra, ba a ga bambanci tsakaninsu ba.

Gaskiya ne kuma cewa yawancin haɗurra daga mai tuƙi suke. Rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra kullum gudun wuce kima suke sa wa a gaba. Mota mai cikakkiyar lafiya ba za ta ceci wanda ya sha giya, ko mai gyangyaɗi, ko mai tsere a kan kwana ba. Amma a cikin rahotannin nan dai, fashewar taya da shanyewar birki ba sa ɓacewa daga jerin.

To, sai mu tambayi kanmu ko halin Norway shi ne namu. A can jami'ai sukan duba motoci a bakin hanya ba tare da sanarwa ba, hanyoyinsu da kwalta, masu mota kuma sun saba kai ta gareji kafin ta tsaya. Mu kuwa wace irin mota muke saye? Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka zo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshin jirgin ruwansu ya nuna yawancin waɗanda ake turowa Afirka ba su da takardar lafiya mai aiki a lokacin fitar da su, da yawa kuma shekarunsu 16 zuwa 20. Watau motar da muke kira tokumbo ko 'yar Kwatano, muna murna sabuwa ce a gare mu, wataƙila ta bar ƙasarsu ne don ba za ta ƙara cin gwaji ba sai an kashe mata kuɗi mai yawa.

Kafin irin wannan mota ta iso ƙauye kuma, ta riga ta bi hannu biyu ko uku a birni. Sa'an nan mu ɗora ta kan burji mai gargada, ta ƙetare rafi da damuna, ta sha ƙura da rani, mu loda mata buhunan masara da ba don su aka ƙera ta ba. Idan akwai motar da ke bukatar a duba ta a kai a kai, tamu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wahalar.

ABUBUWAN DA ZA A DUBA

Ba sai mutum yana da na'ura zai gane yawancin lahanin da ke kashe mutane ba. Mai mota, da bakanike mai gaskiya, da jak, da tocila, da awa biyu, sun isa. Ga yadda mukan bi da motar aikinmu yanzu.

1. Birki. A taka shi da ƙarfi, a riƙe kamar rabin minti. Idan ƙafa tana nutsewa a hankali, mai yana zurarewa a wani wuri. Idan yana da laushi kamar soso, iska ta shiga. A duba kwalbar man birki. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, saboda haka idan kullum sai an ƙara, akwai yoyo, a nemo shi. A bi bututun da tocila daga gaba har baya, a duba tsatsa a na ƙarfe, da tsagewa ko kumburi a na roba. A leƙa bayan kowace ƙafa, in an ga danshin mai, ga wurin. A cire ƙafa a ga kaurin da ya rage a takalmin birki. Sa'an nan a sami hanyar da ba kowa, a taka birki ana tafiya a hankali. Motar da ta ja gefe ɗaya, birkin ɗaya gefen ba ya kamawa daidai. A ƙarshe a tsai da ita a gangare a ga ko birkin hannu zai riƙe ta. Shi ne ya ceci Malam da mutanensa.

Man birki yakan tsotsi danshi daga iska. Da ya tsufa sai ya riƙa tafasa da wuri in birki ya yi zafi, da ya tafasa kuwa birki ya tafi. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a zubar da shi a sa sabo kamar kowace shekara biyu. Muna roƙonku kada ku yarda a zuba muku ruwan sabulu a madadinsa, ko da na kwana ɗaya ne. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ya san wurin da irin wannan dabara ke ƙarewa. A dogon gangare a sa ƙaramar giya, inji ya taimaki birki. Kada a sa mota a firi ko a kashe inji don tsimin mai, gama da inji ya mutu birki yakan yi tauri, sitiyari ma ya yi nauyi.

Ku riƙe wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya. A busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, tana bukatar fiye da mita 50 kafin ta tsaya, rabin filin ƙwallo ke nan. In hanya ta jiƙe, sai a ninka. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata takan ninku sau huɗu. Wannan ga mota mai lafiya ke nan.

2. Taya. Duk nauyin mota da na mutanen ciki yana kan wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi, na ƙarshe lamba huɗu ne. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra takan gargaɗi mutane kada su yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4. Roba tana tsufa ko da a ajiye take, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara mata sauri. Don haka tayar tokumbo mai kyakkyawan zane tana iya zama tsohuwa ƙwarai. Wasu ma an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara.

A Turai doka ta ce zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka sa don alama, in zane ya cinye har ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Zanen nan shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, in babu shi mota takan yi sulɓi a kan ruwa. Ku yi hankali da tayar da aka sassaƙa wa sabon zane da wuƙa. Tayar da ta yi ƙari a gefe kuma, zarenta na ciki ya tsinke, faci ba ya maganinta. A auna iska da ma'auni da safe kafin a yi tafiya. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, bugun hannun mai faci ba awo ba ne. Kada a manta da tayar safaya, da jak, da sifana, da notin da ya ɓace.

3. Sitiyari da ƙafafu. Mota tana tsaye, a juya sitiyari hagu da dama a hankali, wani yana kallon ƙafafun gaba. Idan sitiyari ya yi tafiya mai yawa kafin ƙafa ta motsa, wani abu ya saki. A ɗaga motar da jak, a sa mata waigi mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kama hagu da dama a girgiza. Idan an ji ƙwas-ƙwas, a nemi inda yake. A duba 'yan robobin da ke rufe gaɓoɓin. Da sun yage, giris ya fita, ƙura ta shiga ta ci ƙarfen kamar dutsen niƙa. Dukanmu mun sha ganin mota a bakin hanya ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta. Daga yagaggiyar roba abin yakan faro. A danna kowane kusurwar mota a saki, in ta yi ta rawa, shokozoba ta mutu. Taya mai cinyewa gefe ɗaya tana nuna ƙafafu ba su daidaita ba.

4. Fitilu da gilashi. Da magariba a sa yaro ya zagaya motar yana faɗin abin da ya kama: babbar fitila da ƙarama, ta baya, ta birki, sigina huɗu. Mota mai ido ɗaya da dare, mai zuwa daga gaba yakan ɗauka babur ne, ya bar mata hanyar babur. A tsai da motar gaban bango a ga ko hasken fitilun biyu ya faɗi daidai, kada ɗaya ya riƙa kallon sama yana kashe wa mutane ido. Robar waifa takan bushe da rani, sai ran ruwan farko a gane ba ta sharewa. A duba tsagewar gilashi a gaban direba, da madubai, da hon.

5. Salansa, da mai, da wayoyi. Salansar da ta huje ba ƙara kaɗai ce damuwarta ba. A cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. In ta sami hanya ta ƙasan mota mai tsatsa, sai ta taru a ciki, balle da hunturu da ake rufe gilasai. Idan yaran da ke baya suka fara ciwon kai, ko jiri, ko barcin da ba a saba gani ba, a tsaya, a buɗe ƙofofi, a fito da su. Warin fetur a cikin mota kuma, a nemi tushensa a ranar. Fiyus da ya ƙone a sa wani irinsa, kada a naɗa waya a gurbinsa, gama an yi shi ne ya ƙone don mota kada ta ƙone.

6. Bel da kayan gaggawa. Tun watan Janairu na 2003 aka tilasta ɗaura bel a Nijeriya. A fizgi kowanne da ƙarfi, mai lafiya zai cije nan da nan. A ajiye tukunyar kashe wuta mai aiki, da alamar nan mai kusurwa uku da ke ƙyalli da dare. Ganyen da muke zubawa a hanya ba a ganinsa cikin duhu.

YAUSHE ZA A DUBA?

Shekara guda ta yi tsawo ga motar ƙauye. Manomi ba ya jiran ruwa ya sauka kafin ya duba garma, da igiyoyi, da jinkar rumbu. Shawararmu ita ce a ɗaura duba mota a jikin kalandar noma, sau biyu a shekara, don kada a manta.

Na farko da bazara, cikin Maris ko Afrilu, kafin ruwa. A nan a fi mai da hankali ga taya, da waifa, da birki, da fitilu. Na biyu da kaka, cikin Oktoba ko Nuwamba, bayan damuna ta gama cin ƙasan motar, kafin hazo da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Lokacin ne kuma ɗan kuɗin amfanin gona ke hannu. A nan a wanke taɓon da ya maƙale a ƙasa, a duba tsatsa, da gaɓoɓin ƙafafu, da salansa. Ban da waɗannan, kowace safiyar tafiya a zagaya motar sau ɗaya, a dubi tayoyi, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga, a taka birki kafin a bar ƙofar gida.

A sami ɗan littafi a ajiye cikin motar. A rubuta ranar da aka duba, da abin da aka gani, da abin da aka canja, da shekarar kowace taya. Da Malam yana rubuta kowace ranar da ya ƙara man birki, da shafin da kansa ya gaya masa akwai magana.

WA ZAI BIYA?

Mun san inda gizo ke saƙa. Taya huɗu sababbi ba ƙaramin kuɗi ba ne, tsohon malami mai jiran fansho kuwa ba zai iya shi kaɗai ba. Amma in mota ta gari ce ran naƙuda, ya kamata ta zama ta gari ran gyara. Yawancinmu mukan zuba wa mai mota fetur mu ga mun biya, alhali kowace tafiya tana cin taya da birki.

A ƙauyen Malam yanzu an buɗe asusu. Ƙungiyar manoma da ta mata kowace takan sa wani abu da kaka, wanda ya ari motar kuma yakan ƙara ɗan abu a kan kuɗin mai. Ba a taɓa asusun sai don birki, da taya, da sitiyari, da fitila. Fenti da rediyo na mai mota ne. Inda akwai motoci uku ko huɗu a ƙauyuka maƙwabta, ana iya sa rana ɗaya, a kira bakanike ɗaya, a raba kuɗin zuwansa. A biya shi ladan dubawa dabam, ko ya sami abin gyara ko bai samu ba, don kada ya ga sai ya ƙirƙiro lahani zai ci abinci. In kuɗi bai isa a gyara duka ba, a fara da birki, sai taya, sai sitiyari. In kuwa birki ne ba lafiya kuma ba kuɗi, a ajiye motar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da takardar hukuma, roƙonmu shi ne mu daina aika kuɗi mota tana gida. Mu kai ta da kanmu, mu ce a duba. Idan ta faɗi, mu karɓi jerin abin da aka gani, mu gyara, mu koma. Wanda ya nuna maka lahanin motarka bai cuce ka ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga hukuma kuma muna da roƙo. Mutumin ƙauye ba ya iya ɓata kwana biyu da tankin mai don zuwa babban birnin jiha. Da za a sa ranaku sanannu da masu dubawa za su riƙa zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma da kayan aikinsu, a kafa kuɗin a allo kowa ya gani, a ba da rasit, da 'yan kamasho sun rasa kasuwa.

An gyara motar Malam, an sa mata sabon bututu da sababbin takalma, tana nan tana aikinta. Yarinyar da aka haifa a daren nan ta fara gudu a tsakar gida. Mu kuma mun kai motar aikinmu aka duba ta a gabanmu, aka sami gaɓa ɗaya ta saki a ƙafar hagu, wadda mu da muke shiga kullum ba mu taɓa ji ba.

Kafin ruwan bana ya sauka, ku tara masu motocin yankinku ku karanta musu wannan, ku sa ranar dubawa. In kun yi, ku rubuto mana abin da kuka gano da yadda kuka raba kuɗin, domin wasu ƙauyuka su koya daga gare ku.